Injunan da Ke Haifar Injuna

A shekarar 1769 James Watt ya karɓi takardar mallakar fasahar injin tururinsa, amma ya shafe shekaru bai ga injin yana aiki yadda ya zana shi ba. Lissafinsa daidai ne. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne silinda. Injin yana bukatar doguwar tukunyar ƙarfe mai ciki sumul, zagayayye daga sama har ƙasa, fistin ya riƙa hawa da sauka ba tare da tururi ya sulale ta gefe ba. Maƙeran Birtaniya na lokacin kuwa ba su da abin da zai rarake ƙarfe haka. Duk silindar da aka kawo masa, nan ta matse, can ta buɗe. Ya cusa tsumma, ya cusa takarda da tsofaffin huluna, har da kashin doki, tururi bai fasa gudu ba. John Smeaton, babban injiniyan zamanin, da ya duba sai ya yanke hukunci cewa babu kayan aiki, babu kuma ma'aikatan da za su iya ƙera irin wannan inji.

Mai ƙera igwa ne ya fitar da Watt kunya. John Wilkinson mutum ne da ƙarfe ya shiga ransa, har akwatin gawarsa ma na ƙarfe ya sa aka zuba. A 1774 ya yi rajistar hanyarsa ta ƙera igwa: a zuba ƙarfen dunƙule, sannan a ɗora shi yana juyawa, wuƙa tana tsaye tana huda shi. Shekara ɗaya bayan haka, a ma'aikatarsa ta Bersham da ke Wales, ya juya dabarar kan silinda. Ya zura wata sandar ƙarfe mai kauri ta cikin silindar, ya tokare ta a kai biyu don kada ta lanƙwashe, wuƙa kuma ta riƙa bin sandar a hankali tana cin cikin. Da ma kuskuren injunan baya shi ne wuƙa tana bin ramin da ta tarar, in ramin ya karkace ita ma ta karkace. A nan kuwa sanda take bi. Matthew Boulton, abokin kasuwancin Watt, ya ba da shaida cewa kuskuren da ke cikin silinda mai faɗin inci 50 bai kai kaurin tsohon sule ba. A 1776 injunan Watt na farko suka fara aiki, ɗaya daga cikinsu Wilkinson ne da kansa ya karɓa don zuga wutar narka ƙarfensa.

Littattafan makaranta suna ba Watt shafi guda, Wilkinson kuwa in ya yi sa'a ya samu layi ɗaya. Haka lamarin waɗannan injuna yake har gobe. Ba sa ƙera abin da mutum zai ci ko ya sa ko ya hau, sauran injuna suke ƙerawa, don haka ba a ganin su. Amma mota, da injin markaɗe, da famfon ban-ruwa, da keken ɗinki, babu wanda bai bi ta bakin wuƙarsu ba. Kuma daidaiton kowane inji gado ne daga injin da ya yanka shi. Wanda bai miƙe ba, ba zai haifi miƙaƙƙe ba.

Injin sassaƙa mai juyi, wanda ake ɗaure abu a bakinsa yana wulwulawa ana fere shi, ya daɗe a duniya, masu aikin katako sun san shi tun zamanin da. Sai dai da hannu ake riƙe wuƙar, hannu kuwa komai ƙwarewarsa yana gajiya, yana rawa. Henry Maudslay, haifaffen Woolwich a 1771, ya fara aiki yana ɗan shekara 12 a ma'aikatar makamai ta garin, yana ɗura albarushi. Yana da 18 Joseph Bramah, mai ƙera makullai a Landan, ya ɗauke shi. Ya yi ta aiki har ya zama shugaban ma'aikata, sai a 1797 ya nemi ƙari kan sule 30 da ake ba shi a mako. Bramah ya ƙi. Maudslay ya tattara komatsansa ya buɗe nasa shago. Da wuya a samu rowar da ta amfani duniya kamar wannan.

Wajejen 1800 ya gama haɗa abin da ya sa ake tunawa da shi. Ya karɓe wuƙa daga hannun mutum, ya ɗaure ta a kan mariƙi mai zamewa bisa gadon ƙarfe. Wata doguwar sanda mai zare ce ke jan mariƙin, giya kuma ta haɗa sandar da abin da ake yankawa, ta yadda duk juyi ɗaya wuƙa za ta matsa gwargwado ɗaya, ba ƙari ba ragi. A sauya giya, a samu zare manya ko ƙanana. Ba shi ne farkon kowace dabara a ciki ba, Jacques de Vaucanson na Faransa da Jesse Ramsden sun riga shi ga wasu. Nasa shi ne tara su a inji ɗaya, na ƙarfe zalla, mai ƙarfin aikin masana'anta. Kafin nan kowane noti da tasa ƙusa. In aka warware inji aka gauraya su, to an shiga uku, shi ya sa ake yi wa kowanne alama.

Ciniki na farko mai tsoka daga rundunar ruwan Birtaniya ya zo. Jiragen yaƙi masu filafilai suna cin fuli na katako kusan 100,000 a shekara. Marc Brunel ya zana injuna, Maudslay ya ƙera guda 45 aka kafa a Portsmouth. A 1808 suna fitar da fuli 130,000 a shekara, mutum goma suna yin aikin da a da sai mutum 110.

Amma abin da na fi ganin girmansa a shagon Maudslay ba inji ba ne, faranti ne. Kafin a ƙera gado miƙaƙƙe sai an samu shimfiɗaɗɗen abin da za a gwada shi a kai, to a ina za a samo na farkon? In aka goga faranti biyu har suka zauna da juna daram, ba lallai ne sun shimfiɗu ba. Ɗaya yana iya yin kwari, ɗayan ya yi tudu, su haɗa baki su yi ƙarya. Maganin shi ne na uku. A gwada na farko da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na farko. Babu yadda duk ukun za su zauna da juna sai in kowannensu ya shimfiɗu da gaske. Ana shafa wa ɗaya jan shuni kaɗan, a kifa ɗayan a kai, duk inda ya taɓa a kankare, a sake kifawa, a sake kankarewa, kwana da kwanaki. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a shagon, shi ya inganta wannan kankara da hannu, ya bayyana ta ga jama'a a 1840. Maudslay ya ajiye irin wannan faranti kusa da ma'aikatansa, ya kuma ƙera ma'auni mai gane kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, wanda in gardama ta tashi shi ke yanke hukunci. Duk daidaiton da injuna suka yi ta gadar wa juna shekara 200, daga hannun mai kankare faranti ya faro.

Shagon nan makaranta ce da ba ta da allo. Richard Roberts ya fita daga cikinsa ya ƙera injin shimfiɗe fuskar ƙarfe a 1817. James Nasmyth ya fita ya ƙera gudumar tururi, wadda ya yi wa rajista a 1842, mai iya murƙushe dunƙulen ƙarfe, mai kuma iya saukowa ta tsaga ƙwai ba tare da ta fasa kofin da yake ciki ba. Whitworth ya koma Manchester, a 1841 ya tattara ƙusoshi daga shaguna daban-daban, ya auna, ya ba da shawarar zare ɗaya ga kowa, mai kusurwa digiri 55. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, ya zama na ƙasa. A Amurka William Sellers ya kawo nasa a 1864, mai digiri 60, don ya fi sauƙin yankawa. Wannan digiri biyar ya jawo ciwon kai a yaƙin duniya na biyu, lokacin da notin Ba'amurke ya ƙi shiga ƙusar Bature alhali yaƙi ɗaya suke yi, sai a 1949 Amurka da Birtaniya da Kanada suka daidaita. Zaren Whitworth bai mutu ba. Duk mai haɗa bututun ruwa a Kano ko Kumasi, shi yake murzawa.

Amurka ta bi wata hanya, kuma bindiga ce ta ja ta. Gwamnati tana son bindigar da in wani ɓangare ya karye a fagen fama za a ciro na wata a sa. Eli Whitney ne ya yi suna da wannan, tun da ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 a 1798, amma sai 1809 ya gama, kuma masu bincike da suka warware bindigoginsa daga baya sun tarar sassan ba sa musanyuwa. Masu aikin na gaske su ne irin su Simeon North, da John Hall a ma'aikatar gwamnati ta Harpers Ferry, wanda a 1826 wani kwamiti ya warware bindigoginsa, ya gauraya sassan, ya mayar, suka zauna. A waɗannan ma'aikatu injin gurza ya girma, wato wanda wuƙarsa mai haƙora da yawa ce ke juyawa, ƙarfen kuma yana ɗaure a tebur ana tura shi. Abin ya kai ga a shekarun 1850 Ingila, uwar sana'ar, ta aika aka sayo injunan Amurka don ma'aikatar bindigarta ta Enfield. Daga bindiga ilimin ya wuce keken ɗinki, daga nan keken hawa, daga nan mota. Kamfanin Brown & Sharpe ya fito da injin gurza mai yin kowane irin yanka a 1862, Christopher Spencer ya fito da mai yanka ƙusoshi da kansa a 1873, Charles Norton kuma ya kawo injin wasa ƙarfe mai ƙarfi a 1900. Ba don su ba, da layin haɗa mota na Ford na 1913 bai motsa ba, don layi ba ya jiran mai magagari.

Nauyin da muke gani yau a jikin waɗannan injuna, wuƙa ce ta jawo shi. Tsohuwar wuƙa in ta yi zafi sai ta yi laushi, don haka dole a tafi a hankali. Robert Mushet ya zuba tungsten a ƙarfe a 1868 ya samu sauƙi. Sai Frederick Taylor da Maunsel White na kamfanin Bethlehem Steel suka gano cewa in aka gasa irin wannan ƙarfe har kusa da narkewa, yana riƙe kaifinsa ko ya yi ja. A baje kolin Paris na 1900 mutane suka tsaya suna kallon wuƙa ja wur tana yanka ƙarfe ba ta dakushe ba. Kamfanin Ludwig Loewe na Berlin ya gwada ta a kan injunansa da cikakken gudu, kafin wata guda sanduna sun murɗe, haƙoran giya sun zube. Wuƙa ta fi ƙarfin injin da ke riƙe da ita. Dole aka sake zana komai: gado ya ƙara kauri, boris ya ƙara girma, bel ɗin da ke saukowa daga rufi ya ba injin lantarki wuri. Ba a gama ba kamfanin Krupp ya fito da wuƙar kabayid mai suna Widia a 1926, aka sake sabon lale.

Dalilin nauyin ba ɓoyayye ba ne. Turmi mara nauyi rawa yake yi in an kai masa taɓarya. Wuƙa tana tura ƙarfe, ƙarfe yana tura wuƙa, in gadon ya lanƙwasa ko da kaurin gashi ne, ko ya yi karkarwa, to tabon zai fito a jikin aikin. Shi ya sa har yau ake son ƙarfen zubi, don yana shanye girgiza. Shi ya sa kuma manyan injunan da ke sassaƙa sandar farfelar jirgin ruwa ko cikin injin madatsar ruwa sukan kai ɗaruruwan tan, kuma kafin a kawo su sai an haƙa rami an zuba musu kankare nasu, dabam da na ginin.

Da nauyi ya samu, sai zafi ya zama abin faɗa. Carl Edvard Johansson, ma'aikacin masana'antar bindiga a Eskilstuna ta Suwidin, ya fara ƙera ƙananan tubalan awo a 1896, yana goge su a gida da keken ɗinkin matarsa da ya sauya wa aiki. Santsinsu ya kai in aka murza biyu sai su manne, kuma da akwati ɗaya ana iya haɗa dubban tsayi. Ford ya ɗauke shi a 1923. A irin wannan mataki, ɗumin hannu ma yana sauya awo, don haka a 1931 aka amince duk awon ƙarfe a yi shi a digiri 20. Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan 0.012 na milimita a kowane digiri. Ke nan a ranar da Sakkwato ta kai digiri 40, sandar ta ƙara kusan rubu'in milimita ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka sake karɓe wani abu daga hannun ma'aikaci. John Parsons na Michigan, mai ƙera fikafikan helikwafta, da injiniyansa Frank Stulen, sun fara lissafa wuraren yanka da na'urar kati mai huji. Rundunar saman Amurka ta ba su kwangila a 1949, aikin ya koma jami'ar MIT, a 1952 aka nuna injin gurza da ke karanta umarni daga doguwar takarda mai huji. Tsada ta hana kowa saye, sai da rundunar ta sayi injunan da kuɗinta ta ba masu ƙera mata jirage. Mai karatu ya lura da wanda ke biya tun daga igwar Wilkinson: soja ne, kusan kowane karo. Ba don soja ya fi kowa basira ba, sai don shi ne mai sayen da zai biya kuɗin abin da bai nuna ba tukuna, kuma ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

Amurka ta ƙirƙira, Japan ta ci riba. Yayin da kamfanonin Amurka ke ƙera manya-manyan injuna masu tsada don jiragen yaƙi, Seiuemon Inaba na Fujitsu ya fara aiki kan na'urar sarrafa inji a 1956, sashen ya zama kamfanin FANUC a 1972. Japanawa suka nufi ƙananan shaguna da injuna masu kwamfuta, masu araha, waɗanda ba sa yawan lalacewa. A 1982 suka zama na ɗaya a duniya wajen ƙera waɗannan injuna, a 1986 gwamnatin Reagan ta Amurka ta nemi Japan da Taiwan su rage abin da suke aikawa. Shekara ta gaba aka bankaɗo cewa wani reshen Toshiba ya sayar wa Tarayyar Sobiyet injunan gurza da za su iya sassaƙa farfelar jirgin ƙarƙashin teku ta rage ƙara, har 'yan majalisar Amurka suka fito harabar majalisa suna farfasa rediyon Toshiba da guduma. Sin ta karɓi kambun yawan ƙerawa a 2009, bayan kamfanoninta sun sayi tsofaffin gidajen Jamus irin su Schiess da Waldrich Coburg. Duk da haka mafi daidaiton injuna har yanzu daga Jamus da Japan da Suwizalan take sayowa. Kuɗi sun sayi gine-gine da zane-zane, amma abin da ke hannun ma'aikata ya fi jinkirin tasowa.

A Nijeriya jirgin ƙasa ne ya fara shigo da waɗannan injuna da yawa. Wuraren gyaran jirgi na Ebute Metta da Inugu da Zariya sun horar da mutanen da daga baya suka watsu suka buɗe nasu. A 1964 aka kafa ma'aikatar makamai ta Kaduna, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya gina ta. Yunƙuri mafi girma shi ne na 1980, da aka kafa Nigeria Machine Tools a Osogbo tare da kamfanin HMT na Indiya, wanda ita ma Indiya ta kafa a Bangalore a 1953 da taimakon Oerlikon na Suwizalan. Tsarin a takarda ya yi kyau: Ajaokuta, da aka ba Sobiyet kwangilarta a 1979, ta ba da ƙarfe, Osogbo ta ba da injuna, masana'antu irin su Peugeot ta Kaduna su zama masu saye. Ajaokuta ba ta kunna babbar tukunyar narka tamarta ba, masana'antun suka yi ta rufewa, a 2007 aka sayar da ta Osogbo ga 'yan kasuwa. A ganina babban rashin ba na ƙarfe ba ne, na mai saye ne. Maudslay yana da rundunar ruwa, Hall yana da gwamnati mai haƙurin shekaru, FANUC yana da dubban ƙananan shagunan Japan. Gana ta gwada daga ƙasa: a 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiya a tsakiyar unguwar masu sana'a ta Suame Magazine, tana shigo da tsofaffin injuna daga Ingila tana sayar wa masu sana'a, tana koya musu aiki da su. Kuɗin da aka kashe ba su kai a kwatanta da na Osogbo ba, amma injunan sun faɗa hannun masu ciniki a ƙofa.

Tun da naira ta faɗi bayan 1986, kayan gyara suka yi tsada, aiki ya ƙaru ga masu irin waɗannan injuna a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da makamantansu. Mai injin niƙa zai kawo shaf da ya cinye, mai tirela ya kawo karanshaf a wasa masa a sa boris mai kauri, manomi ya kawo fuli da ya fashe a yanka masa sabo. Da yawa daga injunan tsofaffi ne, irin su Colchester da Harrison, waɗanda suka gama aiki a Ingila kafin su hau jirgi, ga kuma sababbi na Sin da Indiya. Wuta mai layi uku ita ce matsalar kullum, janareta kuwa yana cin ribar. Ɗayar matsalar a jikin gadon take. Yawancin aiki gajere ne, don haka gadon yakan cinye a kusa da bakin injin, wuƙa ta riƙa sunkuyawa a nan, sanda ta fito da kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ƙwararren mai inji ya san inda nasa ke ƙarya, yana ragewa da hannu, ya ƙarasa da magagari da takardar goge ƙarfe. Gyaran gaske shi ne a ɗora gadon a kan injin wasa da ya fi shi tsawo, ko a nemo miƙaƙƙen ma'auni da shuni a kankare shi da hannu, aikin makonni, injin kuma a tsaye ba ya kawo ko kwabo. Mai shago zai kwatanta wannan da kuɗin wani tsohon injin da aka sauke a Legas, galibi kuma na Legas ɗin yake zaɓa.